FILIN MAKIYAYI: Tsutsar da ke shan jinin tumaki da awaki

Ina gaida ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci na ƙasar Dakoro, maza da mata, tun daga nan Bader Gula har Azagor, Rumbu, Birnin Lalle da Kornaka. Ina gaida masu karanta ma jama'a jarida gindin icce bayan la'asar. Allah ya saka muku da alheri.

Wanga wata za mu yi magana bisa wani ɓarawo. Ba ya haura darni, ba ya kwance turke, kare ba ya yi mishi haushi. Cikin cikin bisa yake zaune yana sata dare da rana. Abin da yake sata kuwa shi ne jini.

ABIN DA YA SAMU AWAKIN INNATA

Shekarun baya mun samu damana mai ruwa. Haki ya fito ko'ina, tabkuna sun cika, kowa na murna. Innata tana da awaki bakwai a turke bayan ɗaki. Su ne asusunta. Da nononsu ake dama ma yara fura. In hatsi ya ƙare rumbu, ɗan bunsuru guda ake kaiwa kasuwa a auno gero.

Tsakiyar watan Agusta sai muka ga uku daga ciki suna ramewa. Ga haki gabansu, suna ci, amma ƙashin baya na fitowa. Guda ta kumbura ƙarƙashin haɓa. Wasu suka ce sabon haki ne bai karɓe su ba. Wasu suka ce bakin mutane ne. Ni kuma ranar kasuwa na sayi babbar ƙwaya guda wurin wani mai talla da ya baza magunguna cikin rana. Ban duba kwali ba, ban tambayi kowa ba. Na zo gida na kasa ta uku, na ba kowace kashi guda. A ganina na yi dabara, na rage kashe kuɗi.

Kwana goma ba su cika ba, biyu suka mutu. Ta ukun muka yanka ta tun da sauran numfashi. Jinin da ya zubo tsararo ne kamar ruwan wankin nama. Tsohon mahaucin da ya feɗe ta ya kira ni, ya ce: "Malam, zo ka ga abin da ya cinye akuyar innarka." Ya tsaga ɗakin ƙarshe na tumbi, ya shimfiɗa shi bisa faifai. Na ce: "Baba, ban ga komi ba." Ya ce in duƙa. Da na duƙa sai na ga abubuwa kamar guntayen zare, ja da fari, suna motsi. Ba su ƙirguwa.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce: "Kai da ke koya ma mutane karatu, ba ka karanta takardar maganin ba?" Wagga magana ta fi mari zafi. Tun daga ranan nake tambayar ma'aikatan kiyo da likitocin dabbobi bisa wagga tsutsa. Abin da na koya shi na kawo muku yau.

WACE IRIN TSUTSA CE?

Tumbin akuya da na tunkiya ɗaki huɗu ne. Na farko shi ne babban tumbi, inda haki ke taruwa kafin bisa ta yi tuƙa. Na biyu yana da zane kamar saƙar zuma. Na uku ganye-ganye ne kamar shafukan littafi. Na huɗu mai santsi ne, shi ke haɗe da hanji. Cikin na huɗun nan tsutsar take zama.

Siririya ce kamar zaren ɗinki. Macen takan kai santimita 2 zuwa 3, wato kamar gaɓar yatsa guda. Namijin bai kai haka ba. In ka dubi macen da kyau za ka ga ja da fari sun murɗe juna kamar igiyar da aka tufka da zare kala biyu. Jan nan hanjinta ne cike da jinin bisa. Farin kuwa jakar ƙwanta ce. A bakinta akwai ɗan haƙori mai tsini. Da shi take tsaga bangon tumbi ta sha. In ta bar wurin ta koma wani, jini ya ci gaba da tsiyaya.

Likitocin dabbobi na duniya suna kiranta Hemonkus. Wani masani a ƙasar Jamus mai suna Rudolfi shi ya fara rubuta bayaninta a 1803. Tana damun masu tumaki a Ostareliya, da Afirka ta Kudu, da Barazil, da duk inda zafi ya haɗu da ruwa. Shanu suna da irin tasu, raƙuma ma suna da irin tasu. Dawaki da jakuna ba ta zama cikinsu. Cin nama kuma ba ya sa mutum ya kamu da ita.

MU YI LISSAFI

Ku ɗauko alli, mu yi kamar yadda muka saba a makaranta.

Masana sun auna, sun ga tsutsa 20 suna ɓatar da jini mililita 1 kowace rana. Mililita 1,000 ke yin lita guda.

Tsutsa 1,000 ke nan suna ɗauke mililita 50 a rana. Kusan ƙaramin kofin shayi ne.

Tsutsa 5,000 suna ɗauke mililita 250 a rana. Rubu'in lita ke nan. Cikin kwana 4 an yi lita guda.

To akuya mai kilo 25, jinin jikinta duka bai kai lita 2 ba. Jiki yana yin sabon jini kullum, gaskiya ne. Amma in masu ɗiba sun fi mai zubawa ƙarfi, dole randa ta bushe.

Ga lissafi na biyu. Mace guda takan saki ƙwai 5,000 a rana, wani lokaci har 10,000. Mu ɗauki ƙaramin adadin. In bisa na ɗauke da mata 100 kaɗai, ƙwai 500,000 ke nan take zubarwa cikin kashinta kowace rana. Ido ba ya ganin ƙwan, sai da madubin likita mai girmama abu.

TA INA TAKE SHIGA?

Ta baki take shiga, tare da haki. Ga yadda abin ke zagayawa:

1. Ƙwai ya fito cikin kashin bisa, ya faɗi ƙasa.
2. In akwai laima da ɗumi, sai ya ƙyanƙyashe. Cikin kwana 5 zuwa mako guda ɗiyan tsutsar sun isa kama bisa.
3. Ruwan sama ya jiƙa kashin, su fito, su bi raɓa su hau haki. Ba su hawa nesa. Mafi yawansu suna tsayawa yatsa uku ko huɗu daga ƙasa.
4. Tunkiya ta zo ta kiwo, ta haɗiye su.
5. Bayan kamar mako uku sun girma cikin tumbi, sun fara nasu ƙwan.

Zagaye guda wata guda ke nan ko kusa da haka. Damanarmu gajera ce, daga Yuli zuwa Satumba, amma ta isa a yi zagaye uku. Kowane zagaye ya fi na baya yawa. Shi ya sa mutuwar ta fi yawa daga tsakiyar damana zuwa kaka, lokacin da mai bisashe ya saki jiki yana cewa wahala ta wuce.

Wani zai ce: "Mu nan arewa ruwanmu kaɗan ne, wagga cuta ta mutanen kudu ce." Da gaskiyarshi ta wani gefe. Inda ruwa ya fi yawa, kamar Madarunfa da ƙasar Katsina, tsutsar ta fi samun wuri. Amma mu ma muna da inda laima ke daɗewa: bakin tabki, fadamun kwarin Tarka, kewayen rijiya, da gindin turke cikin gida. Nan kuwa bisashe suka fi taruwa, nan kashi ya fi yawa. Ga kuma garkunan da ke dawowa daga kudu da farkon damana, da bisashen da ake sayowa kasuwa. Shekarar da ruwa ya yi yawa, haɗarin ya ƙaru.

INA TAKE ƁUYA DA RANI?

Wata ɗaliba ta tambaye ni: "Malam, wata takwas ba ruwa, ƙasa kamar wuta. Yaya tsutsar ke kai wata damana?" Tambaya ce mai kyau.

Waɗanda ke waje rana tana kashe su. Amma waɗanda bisa ta haɗiye ƙarshen damana, da yawansu ba su girma nan da nan. Sai su kutsa cikin bangon tumbi su kwanta. Ba su shan jini, ba su ƙwai. Haka za su yi ɗari, su yi rani. In damana ta gabato sai su farka. Masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun rubuta wannan tun 1979 bisa tumakin arewacin Najeriya. An ga haka kuma a ƙasar Senegal.

Ku lura da lokacin da suke farkawa: ƙarshen bazara, sa'ad da bisa ta fi rama, ba haki, ba harawa. Ashe rumbun irin tsutsar cikin bisashenmu yake. Da kanmu muke yi mata ajiya har ruwa ya sauka.

YAYA ZA MU GANE BISA TA KAMU?

Ga alamu:

Bisa na ci amma tana ramewa. Gashinta ya tashi, ya daina sheƙi.

Tana zama baya in garke na tafiya. In an kore ta kaɗan sai haki, wato numfashi sama-sama, ko ta kwanta.

Cikin idonta da dasashinta sun yi fari.

Ƙarƙashin haɓa ya kumbura, taushi-taushi kamar salka. In ka danna ba zafi, ba ƙurji. Ruwa ne ya taru don jini ya tsinke. In an kai nan, abu ya yi nisa.

Nono ya ragu, ɗan da ke tsotso ya tsumbure.

Wani lokaci ba a ganin komi. Rago mai ƙiba ya kwana lafiya, da safe a tarar da shi ya mutu.

Ku riƙe wannan da kyau: wagga tsutsa ita kaɗai ba ta cika sa zawo ba. Mutane da yawa sun ɗauka in babu zawo babu tsutsa. Awakin innata kashinsu ƙwaya-ƙwaya yake har suka mutu.

Waɗanda suka fi kamuwa su ne ƴan raguna da ƴan awaki da ba su cika shekara ba, da masu tsohon ciki, da masu shayarwa, da waɗanda yunwar rani ta kayar.

DUBAN IDO

A Afirka ta Kudu, cikin shekarun 1990, wani likitan dabbobi mai suna Faffa Malan da abokan aikinshi suka fito da wata dabara mai sauƙi. Suka yi ɗan kati mai kala biyar, daga ja wur har fari fat. Ana kara shi da cikin idon tunkiya a gane yawan jininta. Sunan katin FAMACHA. Yanzu ana aiki da shi ƙasashe da yawa. Wanda zai yi aiki da katin sai ma'aikacin kiyo ya koya mishi. Amma duban ido kanshi kowa na iyawa, har yaro mai kiyo. Ga yadda ake yi:

1. A kama bisa a fili, cikin hasken rana. Ba a yi cikin ɗaki ko da fitila.
2. Ka rufe idon da fatar sama da babban yatsa, ka danna a hankali.
3. Da ɗayan yatsan ka jawo fatar ƙasa. Naman ciki zai bulluƙo.
4. Ka duba kalar nan take, kada ka daɗe. Ka duba ido biyun.

In ja ne sosai, jini ya wadata, a sake ta.

In ja ne mai haske-haske, a sa mata ido. In ƙarama ce, ko mai ciki, ko mai shayarwa, a ba ta magani.

In ya kusa fari ko fari ne fat, a ba ta magani ranan, a ware ta inuwa, a kawo mata abinci da ruwa. Kada a kora ta daji. Gudu na iya kashe ta.

Da damana a duba kowane mako biyu, tun daga mako uku bayan haki ya fito har kaka ta wuce. Wadda aka ba magani a ɗaura mata ɗan tsumma a wuya, ko a rubuta cikin littafi: rana, wata, da sunan magani.

Farin ido ba tsutsar nan kaɗai ke kawo shi ba. Yunwa na kawo shi, da kaska, da ƙwarƙwata, da ƙuma, da ciwon hanta. In an ba da magani, mako biyu suka wuce ido bai fara ja ba, a nemi likitan dabbobi. Yana iya ɗaukar kashin a duba da madubi. Babban ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa, LABOCEL, yana Yamai.

MAGANAR MAGANI

Tsutsar na da magani. Ga sunaye uku yadda ake rubuta su bisa kwali, ku kwafe su cikin littafinku: Albendazole, Lévamisole, Ivermectine. Kamfanoni da yawa ke yin su, kowa da sunan da ya sa da manyan baƙaƙe. Ku nemi sunan asali, yana nan ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Ga dokoki shida. Ni na karya uku daga ciki rana guda.

Ta ɗaya: a sayi magani wurin likitan dabbobi ko mataimakinshi. Ƙasar Dakoro na cikin wuraren farko a Nijar da aka kafa tsarin likitan dabbobi mai zaman kanshi da mataimaka cikin garuruwa, tun 2003, da hannun ƙungiyar Karkara da likitocin dabbobi na ƙasar Beljik. Maganin da ya wuni cikin rana bisa tabarma, ba ka san abin da ke ciki ba. Araha ba ta ado.

Ta biyu: a duba ranar lalacewa. Lamba biyu ce, wata da shekara. In ka ga 03/2024, watan Maris ke nan na shekarar 2024, lokacinshi ya wuce. A nan karatu ke biyan mai shi.

Ta uku: a ba da shi daidai nauyin bisa. Balami babba da ƴar tunkiya ba su cin rabo guda. In akwai ma'aunin kilo na rataye a garinku, a sa ƙaramar bisa cikin buhu a auna. In babu, ma'aikacin kiyo ya kimanta. Kada a kasa ƙwayar bisa guda a ba uku.

Ta huɗu: akuya ba tunkiya ba ce. Jikinta na saurin fidda magani, don haka awonta ya fi na tunkiya mai nauyinta. Amma kada ka ƙara da ka. Lévamisole in ya yi yawa yana sa akuya rawar jiki da dalala, har ya kashe. A tambaya.

Ta biyar: ba a ba mai sabon ciki Albendazole, wato cikin wata guda da rabi na farko bayan barbara. Yana iya ɓata ɗan da ke ciki.

Ta shida: bayan magani akwai kwanakin da ba a shan nonon, ba a cin naman. Suna rubuce bisa takarda. Mai akuyar tatsa ya faɗa ma likita tun kafin a zaɓi magani, musamman in allura ce. Mai ragon layya ma ya ƙirga kwanakin tun da wuri.

Sannan kada mu haɗa abu biyu. Allurar rigakafi da gwamnati ke yi ma tumaki da awaki kowace shekara ta annoba ce. Mu kai bisashenmu duka a yi musu. Amma ba ta kashe tsutsa. An yi allurar rigakafin wagga tsutsa, an fara sayar da ita Ostareliya a 2014. Ita dabam, tamu dabam.

MI YA SA BA A BA GARKE DUKA?

Da can shawarar da ake ba makiyayi ita ce ya ɗura ma garke duka magani, sau da yawa. Yanzu an gane illar haka. Ku saurara.

Cikin tsutsotsi dubu, akan samu ƴan kaɗan masu taurin rai, waɗanda magani bai kashewa. In ka ba garke duka magani, masu rauni sun mutu, masu taurin sun saura su kaɗai. Su za su auri juna, su cika daji da ɗiyansu. In awon maganin bai cika ba, waɗanda ke tsira sun ƙaru. Bayan ƴan shekaru sai ka ba da magani kamar ka ba da ruwa.

Abin ya faru. An fito da wani magani mai suna Thiabendazole a 1961. A 1964 aka samu tsutsar da ta gagare shi a Amurka. An fito da Ivermectine a 1981. Shekara goma ba ta cika ba aka samu wadda ta gagare shi a Afirka ta Kudu. Wasu masu gonakin tumaki can sun rasa maganin da ke yi musu aiki. Su da ke da kuɗi ke nan. Mu fa?

Dabarar ita ce a bar bisashe masu jan ido da ƙiba ba magani. Tsutsar da ke cikinsu kaɗan ce, kuma irin wadda magani ke kashewa ce. Ita za ta gauraya da masu taurin ta rage musu ƙarfi. An kuma lura cewa kaɗan daga cikin garke ke ɗauke da mafi yawan tsutsa. In ka yi maganin waɗannan, ka rage ƙwai da yawa, ka rage kashe kuɗi, ka kuma tsare ƙarfin magani don ɗiyanka.

Da kaka, in ruwa ya ɗauke, a sake tace garke. Ramammu, da masu farin ido, da ƙanana, da masu shayarwa a ba su maganin da ke kai ga masu kwanciya cikin bangon tumbi. Likita ya san wanne ne. Haka za su shiga rani da jininsu.

Tunkiyar da kullum ita ce mai farin ido, an yi mata magani sau uku cikin damana guda, a kiwata ta a kai Sakabal ko Dakoro. Kada a bar ta iri. Ragon da za a bari barbara a zaɓi wanda idonshi ke zama ja ba da magani ba. Ɗiya na gadon wannan ƙarfi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ga masu bisashen turke, musamman iyayenmu mata:

A share kashi kullum, a tara shi rami nesa da turke, in ya ruɓe a kai gona. Taki ne mai kyau.

Kada a zuba haki ƙasa cikin kashi. A rataye shi, ko a sa cikin akala ko tsohon kwando bisa duwatsu.

Yaran da ke yankan haki su bar bakin tabki da inda garkuna ke kwana. Su yanka sama-sama, kada su tuge har saiwa. In da hali a shanya shi ya sha rana kafin a ba da.

Kwanon ruwa a wanke shi, a ɗaga shi yadda kashi ba ya faɗawa.

In ana ɗaure awaki bakin gona, a canja wuri kafin kwana biyar.

Ga masu garke a daji:

Kada tumaki su daɗe wuri guda mai laima. In an tashi daga wuri, kada a komo sai bayan wata guda da rabi ko fiye. Zafin ƙasarmu na kashe ɗiyan tsutsa da sauri in ba su samu bisa ba.

Da sassafe, sa'ad da raɓa ke bisa haki, a fara da tudu da jigawa. A bar fadama sai rana ta ɗaga.

In haki ya gajarce har tumaki na gwaguyar ƙasa, lokacin tashi ya yi.

A bar awaki su ci sama. Akuyar da ke cin ganyen aduwa, magariya, kandili da jiga ba ta haɗuwa da tsutsa, don tsutsa ba ta hawa icce. Wannan ma dalili ne na barin sare itace.

Wurin da tumaki suka bari, jakuna da dawaki na iya bi. Tsutsar da suka haɗiye mutuwa take yi.

Ga kowa da kowa:

Bisa mai ƙoshi ta fi jure tsutsa. Harawa, ƴaƴan gawo, dussa, guryar auduga da gishirin lasa suna taimakon jiki ya yi sabon jini. A fara ba masu ciki da masu shayarwa.

Sabuwar bisa, ko ta kasuwa, ko ta habbanaye, ko jar akuyar Maraɗi da aka raba ma ƙungiyar mata, a duba idonta, a yi mata magani, a ɗaure ta gefe kwana uku, a share kashinta, sannan ta shiga cikin sauran.

Tsofaffinmu suna jiƙa ɓawon maɗaci ko ƴaƴan bagaruwa su ba bisa. Ba mu raina sanin iyaye ba. Masu bincike sun ga itatuwa masu bauri na rage ma tsutsa ƙarfi. Amma bisar da idonta ya yi fari fat ba ta da kwanakin jira. A ba ta maganin likita.

AIKIN WANGA WATA

Ɗalibai, ga aikin gida:

1. Kowa ya duba idon bisashen gidansu. Ya rubuta: ja nawa, tsaka-tsaki nawa, fari nawa.
2. Kowa ya kawo kwalin maganin dabbobi da ke gidansu, mu karanta sunan da ranar lalacewa tare.
3. Ku tambayi kuɗin ƙwayar maganin tsutsa guda wurin mataimakin likita. Ku tambayi kuɗin akuya mai ɗa a kasuwa. Ku raba na biyu da na farko, ku kawo mini amsa.
4. Ranar da aka yi yanka garinku, ku roƙi mahauci ya tsaga muku ɗaki na huɗu. Gani ya kori ji.

Wanda ya karanta ya faɗa ma wanda bai karanta ba. Ku kai labarin ruga da mashekari, ku fassara ma ƴan uwanmu da Fulatanci da Buzanci. Wanda ke da tambaya ya rubuto da hannunshi, ko baƙin bai miƙe ba, za mu karanta.

Awakin innata yanzu sun koma tara. Duk ranar Juma'a ta biyu da damana, ita ke kama su, ni in duba ido, ƙanwata ta rubuta.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana bisa yankan haki da ajiyar harawa don rani. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu. Ku huta lafiya.

Naku, malamin makarantar yaƙi da jahilci, Bader Gula.